Wa Ke Koya Wa Mai Koyarwa? Bayani A Kan Tsangayar Ilmi Ta Jami'ar Bayero

 

A watan Yuni na 2024 Gwamnan Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya yi shelar dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ilmi, watau ya furta a bainar jama'a cewa makarantun jihar sun kai halin da ba za a jira gobe ba. Tun daga ran nan zancen gyaran ɗakunan karatu da sayen kujeru da ɗaukar sababbin malamai bai bar bakin mutane ba, daga zaurukan malamai na cikin birni har zuwa rumfunan Kantin Kwari bayan sallar la'asar. Gyaran gini abu ne mai kyau, ba mai musun wannan. Amma bango ba ya karantarwa, kujera kuwa ba ta gyara bakin yaro. Ruhin makaranta malami ne. Saboda haka mas'alar da ta kamata a fara warwarewa ita ce: a ina a ke ƙera malamin nan, wa ke ƙera shi, kuma ina ya ke tafiya bayan an gama ƙera shi?

Babbar maƙerar malaman zamani a birnin Kano ita ce sashen nan na Jami'ar Bayero da a ke kira Tsangayar Ilmi. Mai lura zai ga abin mamaki tun daga sunan. Da masu boko suka nemi kalmar Hausa da za su kira manyan sassan jami'a da ita, ba su sami wadda ta fi dacewa ba sai "tsangaya", sunan bukkokin gardawa da a ke kafawa a gefen gari domin haddar Alkur'ani. Sun ari suna. Abin tambaya shi ne ko sun riƙe zumuncin mai sunan.

Asalin gidan

Wanda bai san asalin abu ba ba ya iya yi masa hukunci da adalci. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar Hausa ba su tarar da ita cikin duhu ba, gama ƙidayar da suka yi da kansu a zamanin Lugga ta nuna akwai makarantun allo wajen 25,000 a Arewa. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, kuma cikin ɗalibansa na fari har da malaman zaure waɗanda aka tara domin su koyi boko da lissafi su koma su koya wa wasu. Ashe ke nan tun ranar farko boko a kafaɗar malamin allo ya hau.

A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, ba don kome ba sai don horon malamai. Daga cikinta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya fito ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai da alƙalai, shi ma malamin makaranta ne. Ya je Landan ya ƙaro ilmin koyarwa, ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, kuma shi ne ya yi ɗawainiyar kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. A wancan zamani in an ce wane malamin makaranta ne, to, an gama yabonsa, har a kan yi ribibin ba shi aure.

Ita kuwa Jami'ar Bayero tushenta ya fi kusa da zaure bisa ga yadda mutane da yawa su ke zato. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko shaihunai daga Sudan domin su horar da alƙalai da malamai. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan har da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A 1947 aka sāke mata suna ta zama Makarantar Koyon Larabci. A cikin harabar wannan makaranta ne aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai aka mai da ta Kano reshenta, aka kira ta Kwalejin Abdullahi Bayero. A 1977 ta tsaya da ƙafafunta, ta zama cikakkiyar jami'a. To, gidan da Larabci da fiƙihu suka yi masa harsashi bai kamata ya zama baƙo ga masu allo ba, su ma bai kamata su ɗauke shi gidan bare ba.

Abin da a ke karantawa a ciki

Da yawa daga cikin malaman zaure da 'yan kasuwa su kan tambaya: in mutum ya san Larabci ko lissafi, me kuma ya rage da za a zaunar da shi shekara huɗu ana koya masa? Amsa ita ce, sanin abu daban, sanin yadda za a zuba shi cikin ƙirjin wani kuma daban. Ɗalibin wannan tsangaya ya kan ɗauki fanni guda wanda zai koyar, kamar Hausa ko Larabci ko addinin Musulunci ko tarihi ko kimiyya, sa'an nan ya haɗa da ilmin koyarwa kansa. A cikinsa akwai sanin halin yaro da yadda hankalinsa ke girma daga shekara zuwa shekara. Da yadda a ke tsara darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da yadda a ke shirya jarrabawa a auna fahimta ba tare da zalunci ba. Da yadda a ke riƙon makaranta, da littattafanta da kuɗinta. Da yadda a ke ba yaro shawara in ya ruɗe. Akwai sashen da ke horar da masu koyar da makafi da kurame, irin waɗanda a ke bukata a makarantar Tudun Maliki. Akwai na ilmin manya, magajin Yaƙi da Jahilci na dā. Akwai na masu tsaron ɗakunan littattafai, da na lafiyar jiki da motsa jini.

Wanda ya shigo daga sakandare ya kan yi shekara huɗu. Mai takardar NCE daga kwalejin horon malamai ya kan yi uku. Wanda ya riga ya sami digiri a wani fanni kuwa ya kan yi kamar shekara guda ya sami shaidar koyarwa. Kowanne kuma sai an tura shi wata makaranta ya yi makonni yana gwajin koyarwa, malamansa na zuwa suna zama a bayan aji suna duba shi. Bayan wannan akwai hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1993, ita ke ba da lasisin sana'ar.

Kada wani ya ce wannan ilmi bidi'ar Nasara ce. Malaman Musulunci sun riga su shiga fagen da ƙarnuka. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, jigo a mazhabar Malikiyya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara, inda ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya kuma sa iyaka ga bulala. Ibnu Haldun a cikin Muƙaddima ya yi bayanin cewa tsanani yana karya zuciyar mai koyo har ya koya masa ƙarya da munafunci, kuma ilmi a hankali a ke ba da shi, ana maimaitawa ana faɗaɗawa. Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji kuwa babu zauren da bai san shi ba. A nan ƙasar Hausa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta zaɓi mata dattijai masu hankali, ta karantar da su, ta naɗa musu malfa, ta kira su jajis, ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata. In wannan ba horon malamai ba ne, to, mene ne sunansa?

Inda gizo ke saƙa

Tun da maƙera na nan, maƙeran kuma ba su rasa gwaninta ba, me ya sa makarantu suka lalace har aka kai ga dokar ta-ɓaci? Aibin ya shigo ta ƙofofi uku, kuma kowace tana buɗe wa 'yar'uwarta.

Ta fari ita ce gaggawa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Niyya ta yi kyau, amma yara suka kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, malamai kuwa ba su isa ba. Sai aka shiga buɗe kwalejoji barkatai, ana yaye malamai kafin su nuna. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin a riƙa yi wa waɗanda ke bakin aiki ciko. Malamin da bai nuna ba shi ya karantar da wanda ya zama malami bayansa, haka abin ya yi ta gangarowa. Malaman hadisi sun san cewa in mutum guda mai rauni ya shiga isnadi, dukkan abin da ya biyo ta hannunsa ya raunana. Sakamakon ya bayyana a fili a Kaduna a 2017, sa'ad da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kāsa kai makin da aka yanka. An yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya iya cewa babu ciwo a jikin.

Ta biyu ita ce irin waɗanda ke shiga. A 2024 hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu ta yanka maki 140 cikin 400 a matsayin mafi ƙaranci ga mai neman jami'a, ta yanka 100 kacal ga mai neman kwalejin horon malamai. A cikin jami'a kanta sananne ne cewa masu manyan maki likitanci da lauya da injiniya su ke nema, yaro da yawa kuwa ba ya shiga Tsangayar Ilmi sai bayan an rufe masa waɗancan ƙofofi. Wannan juyin waina ne. A tsangayar gardawa ba a ba mutum allunan yara ya duba sai wanda karatunsa ya fi na kowa ƙarfi. Ɗan kasuwa ma ba ya damƙa makullin shago ga yaron da ya fi kowa rauni a lissafi. Yaya za a damƙa 'ya'yan al'umma gare shi?

Ta uku, wadda ita ce uwar sauran, ita ce lada. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000, Kano ta ce za ta biya 71,000. Mutanen Kwari sun fi kowa sanin cewa akwai shaddar da yadi biyar nata ya fi wannan kuɗi. Malaman makarantun kuɗi da na Islamiyyun unguwa kuwa, da yawansu ko wannan ba su samu. Saboda haka duk wanda ya ratsa layukan Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ba zai rasa saurayi mai takardar koyarwa ba, ya ajiye ta a ƙasan akwati, yana auna yadi ko yana kiran masu saye a bakin shagon maigidansa. Ba a zarge shi ba, gama ciki ba ya jiran takarda, kuma kasuwanci sana'ar annabawa da salihai ce. Amma a duba asarar: jama'a sun kashe dukiya shekara huɗu suna ƙera fartanya, ranar da damina ta faɗi sai aka tarar an mai da ita abin tokare ƙofa.

Gwamnatin Tarayya ta yi wasu yunƙuri. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ƙara wa malamai wa'adin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. An kuma ɗaga tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya da ke Kano ta zama jami'ar ilmi, aka sa mata sunan Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda shi ma da koyarwa ya fara. Wannan karramawa ce, amma sauya suna a bakin ƙofa ba ya sauya abin da ke cikin tukunya. Muddin ɗan mai hankali na ganin malaminsa na cin bashin hatsi kafin ƙarshen wata, ba zai yi sha'awar gadonsa ba.

Haƙƙin allo a wuyan jami'a

Akwai wani gefen al'amarin wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Hukumar UNESCO ta ce a 2022 yaran Nijeriya da ba su zuwa makaranta sun kai wajen miliyan 20, kuma irin wannan ƙidaya ta kan haɗa har da almajiran da ke tashi tun asuba suna karatu a gindin malam, domin ba a lissafa allo a cikin makarantu. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai fiye da ɗari, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012; da yawansu ba su yi ƙarko ba. A 2020, lokacin annobar korona, aka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. A 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba su makaranta. A cikin dukkan wannan an fi yin magana a kan malamin allo bisa ga yin magana da shi.

Alhali kuwa tsangaya tana da tsarin koyarwa wanda ya cancanci a zauna a yi nazarinsa kamar yadda a ke nazarin na Ingila da Amurka. Yaro ya kan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya iya haɗa baƙi, ya yi sauka, ya koma hadda, har ya kai ga rubuta Alkur'ani da ka. Daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma, zuwa gwani, kowane mataki da sharuɗɗansa, kuma ba a hawa sai tsara sun shaida a zaman darasu. Kowane yaro yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, ba a wanke masa allo sai ya iya, babba kuma yana biya wa ƙarami. Abubuwan nan su ne masana ilmin koyarwa na zamani ke yabo da wasu sunaye. Amma gwanin da ya rubuta Alkur'ani da hannunsa ba tare da ya duba ba, in ya je neman aikin koyarwa sai a ce ba shi da takarda, a ɗauki wanda bai iya fitar da haruffa daga mafitarsu ba.

Jami'ar Bayero ta riga ta buɗe cibiyar nazarin Alkur'ani, akwai kuma hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci wadda asalinta ke komawa ga zamanin Sardauna. Waɗannan gadoji ne, sai dai ƙanana ne bisa ga yawan masu son ƙetarewa. Abin da ya dace da Tsangayar Ilmi shi ne ta shirya karatu na musamman da harshen Hausa, da ajami da boko, a ranakun Alhamis da Jumma'a da allo ke hutu, inda alaramma zai koyi lissafi da kiwon lafiyar yara da riƙon rajista, a auna haddarsa a lissafa masa ita a matsayin ilmi, ya fita da shaidar da hukuma ta yarda da ita. Haka kuma ta riƙa tura ɗalibanta gwajin koyarwa a tsangayu da Islamiyyu, ba makarantun gwamnati kaɗai ba.

Su ma malaman allo akwai gaskiyar da ba makawa su karɓe ta. Bara ba rukunin karatu ba ce. Dā gona da sadakar unguwa da kuɗin Laraba ke riƙe da makaranta, yau kuwa birni ya cinye gonakin. Tara yaran da malam ba zai iya sanin inda suka kwana ba amana ce mai nauyi ranar hisabi. Dukan da ya wuce iyaka malaman mazhaba sun hana shi tun kafin a haifi boko. Wanda ya je ya koyi yadda zai kyautata riƙon yara bai rage darajar rawaninsa ba.

Rabon 'yan kasuwa

Attajiran Kano ba a san su da rowa ga addini ba. Masallatai da Islamiyyun da suka gina a Fagge da sauran unguwanni shaida ne. Sai dai an fi son sadakar da ido ke gani: a yi bene, a shafa fenti, a rubuta suna, sa'an nan a ɗauko malami a riƙa ba shi abin da bai kai na yaron shago ba. Ɗan kasuwa ya san cewa kaya mai araha shi ne mai tsada, domin atamfar da ta zuba a wankin farko ta kori mai saye har abada. Haka malami mai araha ya ke.

Da ƙungiyoyin 'yan Kwari za su ware waƙafi, ko da shago guda ne a kowane gida, a riƙa zuba hayarsa cikin asusun albashin malamai da ɗaukar nauyin yara masu ƙwazo waɗanda suka zaɓi koyarwa da son ransu, bisa sharaɗin su dawo su koyar a unguwa shekaru kaza, da an ga canji kafin yaran da ke aji ɗaya yau su gama firamare. Amfanin kuma kansu zai komo. Ciniki ya koma waya da banki da takardun kwastan, ana odar kaya daga Sin da Dubai da rubutu. Yaron shagon da ya iya karatu da lissafi, ya kuma san halal da haram na awo, ba daga sama ya ke faɗowa ba, wani malami ne ya yi shi.

Hukuma ita ke da babban nauyi: ta biya malami abin da zai riƙe gidansa, a kan lokaci, ta ɗauki aiki bisa cancanta ba bisa takardar ɗan siyasa ba. Jami'a ta tsaurara ƙofar shiga, ta kuma tuna gidan da ta fito. Malaman zaure su miƙa hannu su karɓi abin da zai amfani almajiransu. Masu dukiya su sa ta a cikin mutum kamar yadda su ke sa ta a cikin bulo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaran da ke zaune a ƙasa yau suna jiran malami kuwa ba za su tsaya da girma ba har manya su gama shawara.

Allah ya ji ƙan malaman da suka gabata, ya yi albarka ga waɗanda ke raye, ya shiryi zuriya baki ɗaya. Amin. Wassalamu.